Ƙwanƙwasar da Ban Faɗa Wa Babanki Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga hannun mahaifiyarki a gidanmu na unguwar Pumpumre a Garwa, zuwa ga Dada. Ina gaishe ki da gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa kin buɗe takardar nan kina zaune lafiya a ɗakinki na Maruwa, kin sauke kaya, kin sha ruwa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin hanya da na masu tare ta.

Na sa ta a ƙasan akwatinki, cikin zanen gado, don kada ki gan ta sai kin isa. Ke 'yar fari ce, bakina bai saba doguwar magana da ke ba, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Alƙalami kuwa ba shi da wannan kunyar, shi ya sa na ɗauke shi.

Ranar Talata ce, da rana tsaka, kina da shekara shida, babanki ya rufe ƙofar mota a hankali don kada ki farka, ya ɗauki gorar ruwa, ya bi wata 'yar hanya zuwa ƙauyen da muke hange. Bai dawo ba. Shekara goma sha biyu ke nan. Wannan kin sani, kowa a Garwa ya sani. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da kunnena ya ji kafin ranar, da abin da ya ji a ranar, na yi shiru.

Ba na jin kina tuna cewa babanki ba ya ji sosai. Ƙyanda ta kashe masa kunnen hagu tun yana ƙarami, na dama kuma sai an ɗaga murya. A kasuwa bakin mutum yake kallo, ya iya ɓoyewa har abokan cinikinsa da yawa ba su sani ba. A makonmu na farko ya ce da ni, "Amarya, ni ne ido, ke ce kunne. Duk abin da kika ji, ki ba ni." Na yi dariya na ce wannan magana ta dace da littafi.

A lokacin komai da littafi nake auna shi. Akwai wata Hajiya a unguwar Rumde Ajiya da ke zuwa Kano saro atamfa, tana dawowa da ƙananan littattafan soyayya a tsakanin turamen. Duk Alhamis ina ƙofarta. Na ƙona miya saboda su fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ba na zagin littattafan, har yau ina karantawa, ga su nan kin bar ni da su. Ni ce na kasa gane inda shafi ya ƙare, duniya ta fara.

Da cinikin masara ya buɗe masa, babanki ya sauka Duwala ya dawo da motar nan. Ta hannu ce daga Turai, ta sha tafiya, sitiyarinta ya yi sulɓi, kujerar direba ta lotsa. Tana da turbo, abin da ke hura wa injin iska, in ya taka sai ta zabura kamar doki ya ji bulala. Ranar da na fara share ta, na tsinci safar hannu ta mace a ƙarƙashin kujera, guda ɗaya, ta hagu, da wani dogon farin gashi maƙale a jikinta. Ban nuna wa kowa ba. Na mayar da ita inda take, na sa wa mai ita suna Madam, na kuma shirya mata labari tun daga aurenta har mutuwarta.

Ba a yi wata biyu ba na fara jin ƙarar. Muna kan gadar Binuwai, gilasai a rufe, sai na ji ta can ƙasan gurnanin injin: ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga farce a kan faranti. Tsigar jikina ta tashi. Na kalli babanki, yana tuƙi yana murmushi, ba ya jin komai. A raina na ce Madam ce, tana neman safarta.

Dada, zan gaya miki abin kunya. Tsoron ya yi mini daɗi. Ni da ban taɓa wuce Ngaundere ba, ga ni da matacciyar Baturiya tana ƙwanƙwasa mini, ni kaɗai nake jin ta. Da na faɗa, za a kira makanike ya buɗe bonet, labarina ya mutu. Sai na riƙe.

To ki ji. In abu ya yi miki ƙara, a mota ne, a jikinki ne, a zamanki da mutane ne, ki fara kiransa da sunansa mafi muni da rashin daɗin ji, ki kai shi ga wanda ya san shi. In an duba an ce ba komai, sai ki yi masa waƙa in kina so. Ana cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ba su ƙarasa maganar ba. Sai baki ya faɗa.

Da ƙarar ta ƙaru na je wurin malamin da ya koya mini Ƙur'ani, tsoho ne, ya rasu yanzu. Na ba shi labarin safar da gashin da ƙwanƙwasar. Ya saurara har na gama, yana jan carbi. Ya ce, "Tana ƙwanƙwasawa in motar tana kashe?"

Na ce, "A'a, Malam, sai an tayar."

"To aljanin nan ma'aikaci ne, yana da lokacin shiga ofis." Ya yi dariya har ya yi tari. "Ɗiyata, ga addu'ar hawa abin hawa, ki riƙe ta. Amma ni ba na jin yaren ƙarfe. Ki gaya wa mijinki ya kai wa masu ji."

Na karɓi addu'ar, na bar sauran maganar a zaurensa.

A kwanakin ne wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Wannan kam babanki ya gani. Ya tambaya a kasuwa aka ce masa, "Alhaji, wace mota ce a Garwa ba ta da wannan wutar? Motar Turawa ce, ba ta son man kwalba." Kin san man da ake sayarwa a bakin titi, wanda ake ce wa zuwa-zuwa, shi kowa ke sha. Ya dawo ya tambaye ni, "Kunne, kina jin wani abu?" Na ce lafiya lau take. Fitilar tana damuna, gani nake kamar ido ne yana kallona. Na sayi 'yar takarda mai manne wadda aka rubuta addu'ar a kai, na liƙa a kan gilashin daidai inda wutar take. Babanki ya ji daɗi, ya ce na yi tunani.

Kada ki taɓa rufe gargaɗi da addu'a, Dada. Ba don haka aka ba mu ita ba. Malamin ya ba ni biyu, na zaɓi mai sauƙi, kuma na yi amfani da ita na toshe ɗayar.

Sau biyu bayan nan motar ta shaƙe. Zai wuce babbar mota, ya taka, sai ta ja baya kamar an riƙe mata wuya, sannan ta sake. Ya ce man ne. Na ce man ne.

Yanzu ranar. Ƙanwar babanki ta haihu a wani gari gabas da Ngong, muka tafi suna. Shekarun zargina ne, 'yan fashin da ke tare hanya su shige daji da mutane. Saboda haka ba a tafiya ɗai-ɗai, ana jira a bakin kwalta motoci su taru, a shiga hanyar ƙasa a jere. Motoci biyar ne, mu ne na huɗu. Kina baya kina barci, zazzaɓi ya fara kama ki.

Ƙwanƙwasar ta canza murya tun daga Ngong. Ta zama kamar ana nika tsakuwa. Na ɗora littafi a cinya ina kallon shafi ɗaya, ba na karantawa. A wani hawa babanki ya taka, motar ta shaƙe, ba ta sake ba. Ta riƙa rarrafe, ta bayanmu ta yi ham ta wuce, direbanta ya ɗaga hannu, ina jin ya ɗauka fitsari za mu tsaya. Ƙurarsu ta yi nisa ta kwanta. Injin ya yi shiru.

Ban taɓa jin shiru irin na wurin ba. Rana tana tsakiyar kai, ba inuwa ko ta sanda. Ba tsuntsu, ba gyare, ko ganye ba ya motsi. Waya ba layi. Babanki ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo, ya rufe, ya zagayo ta gefena ya sunkuyo.

"Amarya, kafin ta mutu, kin ji wani abu?"

Na ce, "A'a."

Wata biyar ina ji. Da na ce e, sai ya ce tun yaushe.

Muna nan sai ga shanu sun fito daga daji, farare, masu dogayen ƙaho, sun kai talatin. Suka rabu biyu suka zagaye motar suka wuce, wata har ta goga jikinta a madubi. Na duba bayansu ina jiran makiyayi. Babu. Ba sanda, ba malfa, ba kare. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san Bafillace ba ya barin shanunsa da rana tsaka sai in an raba shi da su.

Can gaba akwai rufin bukkoki kamar bakwai. Babanki ya ce zai je ya nemi mai babur ya kai shi Ngong ya ɗauko makanike, ya kuma samo mana ruwa saboda jikinki. Na kalli ƙauyen. Ba hayaƙi ko ɗaya, kuma lokacin girki ne. A daidai nan na ji babura, can nesa ta wajen bukkokin, uku ko huɗu. Ba tafiya suke ba, kamar suna zagaye wuri ɗaya. Sai suka mutu gaba ɗaya, a lokaci guda, kamar hannu ɗaya ne ya kashe su.

Ya ga fuskata. Ya ce, "Me kika ji?"

Na yi shekara goma sha biyu ina juya wannan tambayar. Na gaya wa kaina cewa na ɗauka masu taimako ne, ai babur yake nema. Ba gaskiya ba ne. Ƙarya ta farko ce ta riƙe mini harshe. Na riga na ce masa kunnena bai ji komai ba, sai na ji nauyin in ce yanzu ya ji. Kuma wani wawan sashe na zuciyata yana kallonsa tsaye cikin farar riga, zai shiga daji saboda matarsa da 'yarsa, yana ganin abin ya yi kyau.

Na ce, "Ba komai. Ka yi sauri."

Ya ce, "Ki kulle ƙofa." Na bi farar rigar da ido har ciyawa ta rufe ta.

Injin yana hucewa yana ƙwas, ƙwas, a hankali. Kika farka sau ɗaya kika ce, "Wa ke bugawa?" Na ce ki koma barci. Da la'asar wata motar auduga ta zo, suka ɗauke mu. Washegari Baffanki, ƙanen babanki, ya je da jandarmomi. Ƙauyen ba kowa, tukwane a kan murhu, abinci ya bushe a ciki. Ba su ga jini ba, ba su ga takalmi ba, ba su ga gorar ba. Muka zauna jiran waya kamar yadda wasu gidajen suka yi, a kira a faɗi sharaɗi. Tamu ba ta taɓa ƙara ba.

Ƙaramar ƙarya ba ta zama ita kaɗai, Dada, tana neman ƙanwa. In kin yi ta farko, ki warware ta nan take, ko da za a yi miki tsawa a gaban mutane. Tsawa tana wucewa kafin magariba. Kuma in wani ya ba ki amanar abin da ba shi da shi, ido ne, kunne ne, karatu ne, ki sani ba naki ba ne ki riƙe. A jami'a za ki haɗu da waɗanda za su miƙo miki takardar Faransanci su ce karanta mini. Ki karanta musu duka, har layin da ba shi da daɗi.

Aka jawo motar aka ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, kin tashi kin gan ta a wurin kamar dutse. Baffanki ya so a buɗe ta a gyara, na hana. Ya so a sayar, na yi kuka har ya bari. Mutane suka ce so ne, suna tausayina, har yau gidan nan Amarya suke kirana. Tsoro ne. Na san in aka buɗe za a ga abin da ya yi ƙarar, kuma abin zai zama ƙarfe.

Kin sha ganina da rana ina shiga cikinta da littafi, kin ɗauka sanyin inuwa nake bi. In rana ta take, gida ya yi tsit, motar tana ƙwanƙwasawa. Ba batir a cikinta, tayoyin sun kwanta, amma tana yi, sau uku, ta huta, sau uku. Na daina cewa Madam ce. Na koma cewa shi ne, yana sanar da ni yana raye. Bayan shekara huɗu liman da Baffanki suka zaunar da ni, suka ce shari'a ta ba matar wanda ya ɓace hanya, in je wurin alƙali a yanke, in yi takaba, a yi masa addu'ar mamaci. Na ce mijina yana nan. Da me zan ce musu na dogara? Saboda ni ba a taɓa yi wa babanki sadakar uku ko ta arba'in ba. Ke ma na bar ki a rataye, ba marainiya ba, ba mai uba ba. Duk shekara in an ba ki takardar makaranta, kina zuwa layin uba ki tsaya ki kalle ni.

Kada ki mayar da jira sana'a. Yana da daɗi ta wata fuskar, ba wanda ke neman komai daga mai jira.

Da takardar jami'arki ta fito, Baffanki ya shigo ya tsaya a kan motar ya ce, "Yarinyar nan a motar ubanta za ta tafi Maruwa, ko ki yarda ko kada ki yarda." Na ce na yarda, da sharaɗi ɗaya, ba za a buɗe injin ba sai ina wurin. Aka ja ta zuwa garejin Metir Hamadu, wani Bafillace mai furfura da ya yi shekaru a Duwala yana aikin irin waɗannan motoci.

Ya ga mace ta shigo gareji da mayafi, ya goge hannu ya gaishe ni da Fillanci ya ce, "Jam na, Hajiya? Ko kin zo koyon aiki ne? Ina ɗauka, amma ba albashi."

Na ce na zo gani ne. Ya juya mini bokiti na zauna.

Ya riga ya zubar da tsohon mai da baƙin mai. Ya nuna mini baƙin man a faranti, ya karkata shi ga rana, yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Ya ce, "Wannan ƙarfe ne da injin ya ci daga jikinsa." Sannan ya je gefen injin, ya sassauta wani ɗan noti yana tare bakinsa da tsumma, ya cire wayoyi, ya kwance bututun mai, ya kwance kusoshi uku. Ya zaro wani abu kamar dunƙulen hannu, ya ce famfon mai ne, shi ke matsa fetur da ƙarfi zuwa cikin injin. Ya zura ɗan yatsa a ramin da famfon ya fito, ya jawo wani ƙaramin ƙarfe ya ɗora mini a tafin hannu.

Bai fi murfin kwalbar turare ba, Dada. Ɗan kofi ne. Gindinsa ya huje, bakin hujin ya yi kaifi. Na ɗaga shi na hangi Baffanki ta ciki.

Metir ya ce, "Mu pusuwar muke ce masa. A cikin injin akwai sanda mai ƙusumbi tana juyawa, ƙusumbin ke tura famfon. Wannan kofin yana tsakaninsu, shi ke shan duka a madadinsu, kamar takalmi tsakanin ƙafa da ƙasa. An yi shi ne don ya cinye a canza. Motar da ta yi tafiya irin wannan, ana zaro shi a duba lokaci lokaci. In baƙin fentin gindinsa ya goge, ka jefar ka sa sabo, aikin da bai kai shan shayi biyu ba. In ka bari ya huje, famfo ya ci sanda, sanda ta ci famfo." Ya haska mini cikin ramin, na ga ƙusumbin duk zane kamar an ja shi a kan dutse. "Wannan bai mutu a ɓoye ba. Ya yi ihu wata da watanni. Alhaji bai ji ba ne?"

Baffanki ya ce, "Yayana ba ya ji."

Na ce, "Ni na ji."

Suka juyo. Na ce wata biyar ina ji, na ɗauka aljana ce. Metir ya buɗe baki zai yi dariya, har ya ce, "Hajiya, aljanar da ke bin totur?" Sai ya ga fuskar Baffanki, ya sunkuya ya kama goge safanar kwance noti.

Aka aika Duwala a kawo sabon kofi da famfo da sandar. Sati uku motar tana gareji. Yanzu zan gaya miki abin da ba na son rubutawa, amma na daina ɓoye abin da na ji. A sati ukun nan, ƙarƙashin darbejiya ba komai sai sawun tayoyi huɗu da ƙasa mai duhu inda inuwar motar ta zauna. Rana ta take, gida ya yi tsit, na ji ta. Sau uku, ta huta, sau uku. Na fito na tsaya a tsakiyar wurin, ƙafata a kan ƙasar, tana yi. Na taɓa tambayar Metir, ya ce ƙarfe in ya sha rana yana miƙa, shi ne ƙarar. To a ranar ba ƙarfe a wurin. Ban je wurin kowa neman fassara ba, ban kuma shirya mata labari ba. Na ji, ga shi na faɗa miki, iyakar abin da na sani ke nan.

Ranar da kayan suka iso na koma. Ya riga ya sa sandar. Ya miƙo mini sabon kofin, gindinsa baƙi wuluk, santsi kamar ƙwai. Ya ce, "Ke za ki sa, tunda kin zama 'yar aiki." Ya zuba mini sabon baƙin mai a yatsa na shafe shi ciki da waje, don kada ya fara aiki a bushe. Ya juya injin da hannu har ƙusumbin ya kauce. Na zura kofin, ya shige ba gardama. Ya mayar da famfon, ya ɗaure kusoshin uku bi da bi, kaɗan kaɗan, don kada ya zauna a karkace. Ya sa farce ya ɓanɓare takardar da na liƙa, ya miƙo mini. Ya murɗa makulli sau biyu, a na uku ta tashi. Fitilar ta kama, ta mutu.

Ya ce, "Kunne naki ne, Hajiya. Saurara."

Na sunkuya har zafin injin yana dukan kumatuna. Gurnani kawai, sumul. Ba kowa a ciki.

Baffanki ya ɗauke ni mu gwada ta. A kan gada na gaya masa sauran, shanun da baburan da abin da na ce wa yayansa. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya fita, ya daɗe yana kallon ruwa. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya ce, "Da kin faɗa, wataƙila da ya tafi duk da haka, kin san taurin kansa. Wataƙila kuma da su suka zo suka same ku a motar, ku uku. Allah kaɗai Ya sani. Ni ba zan ce miki ba komai ba, don da komai." Ya tayar da mota, sannan ya ce, "Dada kuwa ke za ki gaya mata. Ba ni zan ɗaukar miki wannan ba."

Ga shi na gaya miki. Ba na neman ki yafe mini a wannan makon ko a wannan shekarar. In kin ga ba za ki iya kirana ba, ki kira Baffanki ki ce kina lafiya, zai isar mini. In kin yi fushi, ki yi shi a fili, kada ki yi irin nawa shirun.

Sauran kaɗan ne. Motar taki ce, Baffanki zai riƙe ta har ki yi lasin. Duk wanda ke tuƙa ki, ki zauna a gaba, ki rage rediyo. A canza baƙin mai kafin lokacinsa, a sayi mai kyau, a kuma riƙa zaro kofin nan ana dubawa, Metir ya rubuta sunansa a takarda yana cikin aljihun gaba. Kada ki hau babur ɗin Maruwa mayafinki yana lilo kusa da taya. Kada ki bi hanyar da motoci suka daina fitowa daga cikinta. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki karanta abin da kike so, amma in kin rufe littafi ki duba tukunya.

Allah Ya ba ki ilimi mai amfani da abokan zama na gari. Ya tsare ki a fita da shiga, a kan kwalta da kan ƙasa, Ya dawo mini da ke da ƙafafunki. Ya jiƙan babanki. Wannan ne karo na farko da na rubuta haka, hannuna bai so ba.

Na yi magana da liman, Baffanki zai raka ni. Ranar Litinin zan je gaban alƙali, in ya yanke, a ranar zan shiga takaba.